Tukwici da Ladan Aiki: Halin Ma'aikatan Masaukai da Gidajen Abinci a Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake biyan masu hidima a masaukan baƙi da gidajen abinci na Birnin Kudu da Gwaram, da kuma gurbin da tukwici yake da shi a cikin abin da suke komawa gida da shi. Hujjar da maƙalar take kafawa ita ce, ma'aikacin nan ya faɗa tsakanin tsari biyu: barantakar gargajiya wadda sunanta ya rage amma nauyinta ya zube, da dokar mafi ƙarancin albashi wadda ba ta iso ƙofar wurin aikinsa ba. An kwatanta da gidajen caca da otal-otal na Amurka, inda tukwici ya zama ginshiƙin albashi, don a nuna cewa al'adar Bahaushe da fiƙihun Malikiyya duk ba su ɗauki tukwici a matsayin ladan aiki ba.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa kwana a ƙaramin masauki a garuruwanmu ya san yaron nan. Shi ne zai karɓi jakarka, ya kawo maka ruwa a bokiti idan famfo ya ƙi, ya tayar da janareta, ya je bakin titi ya sayo maka shayi da burodi, ya wanke motarka tun kafin ka farka. Da safe idan za ka tafi sai ya tsaya nesa kaɗan, hannu a baya, ya ce, “Allah ya kiyaye hanya, Alhaji.” Bai roƙe ka ba. Amma kai da shi duk kun san abin da tsayuwar nan take nufi. Wani baƙon zai zaro ɗari biyar ya ce ga na goro, wani kuma zai amsa da amin ya ja motarsa.

Tambayata a yau ita ce: wannan ɗari biyar ɗin, mene ne matsayinta? Alheri ce da ta hau kan albashin da ya ishi mutum, ko kuwa ita ce abincin ranar? Amsar tambayar ce za ta nuna ko ana yi wa yaron nan adalci.

Na zaɓi Birnin Kudu da Gwaram saboda garuruwa ne na masu wucewa da masu sauka. Ƙananan hukumomin biyu suna cikin masarautar Dutse, a kudancin Jihar Jigawa wadda aka cire daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, kuma suna iyaka da Jihar Bauci. Birnin Kudu tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya wadda take tara majinyata da masu jinya daga nesa, tana da makarantar koyon aikin jinya, da tsohuwar kwalejin gwamnati da ta yaye mutane irin su Abubakar Rimi da Aliko Ɗangote. Ga duwatsun Habuɗe da Mesa masu zane-zanen mutanen da, waɗanda masana suke ziyarta tun shekarun 1950. A Babaldu hanya ta rabu zuwa Ningi da Bauci, a Gwaram kuma kasuwar Sara tana kawo fatake da direbobin manyan motoci. Duk waɗannan mutane sai sun ci, wasu sai sun kwana, kuma akwai hannun da yake yi musu hidima.

Inda tukwici ya zama albashi

Muhawarar da ake yi a duniya kan tukwici daga Amurka ta fi tasowa, don haka ya kamata mu san abin da suke jayayya a kai kafin mu aro maganarsu. A dokar tarayyar Amurka mafi ƙarancin lada shi ne dala 7.25 a awa tun 2009. Amma ma'aikacin da aka san yana samun tukwici, kamar mai kawo abinci a tebur, doka ta yarda a biya shi dala 2.13 kacal, adadin da bai motsa ba tun 1991, bisa sharaɗin cewa idan tukwici bai cike giɓin ba mai wurin zai cika. Ma'ana, doka da kanta ta ɗora wa baƙo biyan mafi yawan albashin ma'aikacin wani.

Asalin abin ba shi da daɗin ji. Bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, kamfanin Pullman mai taragon kwana a jiragen ƙasa ya ɗebi baƙaƙen fata da aka 'yanta daga bauta, yana ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sauran su nema daga fasinja. Sai a 1925 suka kafa ƙungiya ƙarƙashin A. Philip Randolph, kuma sai a 1937 kamfanin ya sa hannu a yarjejeniya da su. A farkon ƙarni na 20 wasu jihohin Amurka har dokar hana tukwici suka yi, daga baya suka soke.

Gidajen caca na Las Vegas su ne ƙololuwar wannan tsari. Mai raba kati a tebur albashinsa kaɗan ne, mafi yawan abin da yake samu daga 'yan caca ne, ana tarawa a raba. A 2006 gidan cacar Wynn ya tilasta wa masu raba kati su riƙa raba tukwicinsu da masu sa musu ido, aka yi ta shari'a har kotun ƙolin jihar Nevada, inda Las Vegas take, ta goyi bayan kamfanin a 2013. Amma abin lura a nan shi ne, Nevada tana cikin jihohin da ba su yarda a rage albashi saboda tukwici ba, kuma masu gyaran ɗakuna da masu dafa abinci a garin suna da ƙungiya mai ƙarfi tun 1935. Abin da ya ɗaga rayuwarsu yarjejeniyar ƙungiya ce, kyautar baƙo ta zo ne a sama. Ingila kuma ta bi wata hanya: daga 1 ga Oktoba 2024 doka ta wajabta wa mai wuri ya miƙa wa ma'aikata duk tukwicin da aka bayar ba tare da ya tsakura ba. A Japan kuwa idan ka bar kuɗi a tebur sai a biyo ka da su.

Batun caca ba zai tsayar da mu ba. A Najeriya gidajen caca masu lasisi suna cikin manyan otal-otal na Legas da Abuja. Jigawa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, caca haramun ce a addini da doka, kuma Hisba tana farautar ta. Abin da ya shafe mu shi ne tunanin da ya biyo ta waccan hanya ya iso har masaukanmu, wato cewa mai hidima “ai yana samu a wurin baƙi,” don haka ba sai an ƙosar da shi ba.

Tukwici a wurin Bahaushe

Kalmar tukwici da muke fassara wancan abu na Amurka da ita tana da ma'anarta tun kafin a gina otal na farko a ƙasar Hausa. Tukwici shi ne abin da ake ba wanda ya kawo maka kyauta ko saƙon alheri. Sarki ya aiko maka da riga, ka ba ɗan aike tukwici. An kawo kayan lefe, dangin amarya su ba da tukwici. An yi maka albishir da haihuwa, ka ba da goro. A duk waɗannan, wanda ka ba ɗin ba yaronka ba ne, ba kuma kai kake ciyar da shi ba. Yana da ubangidan da ya aiko shi, kuma tukwicin da ka bayar girmamawa ce ga wanda ya yi aiken. Ba a taɓa jin attajirin da ya ce ba zai ciyar da baransa ba don yana samun tukwici a gidajen da yake kai saƙo. Da an ji, da an yi masa waƙa.

Akwai wani abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda masu kwatanta mu da Turawa suke tsallakewa. A cinikin Bahaushe ƙari daga mai sayarwa yake fitowa ya tafi wurin mai saye. Sunansa gyara. Ka sayi tsire, mai tsire ya ɗora maka yanka biyu. Ka sayi tuwo, ka miƙa kwano ka ce a ƙara miya. Ka auni gero, a ɗora maka hannu guda a kan tiya. Mai saye ya taso da sanin cewa shi ake lallashi, shi ake yi wa ragi, shi ake yi wa gyara. Mutumin da ya saba da haka, ranar da ya ci abinci a Babaldu ya biya, ba zai ji a ransa cewa akwai sauran bashin yarinyar da ta kawo masa kwano ba. Ba rowa ce ta hana shi ba. A lissafinsa ciniki ya ƙare, har ma shi ne yake jiran a ce masa an gode.

Saboda haka tukwici a wuraren nan ba shi da ƙa'ida, ba shi da kaso, ba shi da lokaci. Yana zuwa daga ɗan siyasa lokacin kamfe, daga ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka zo taron bita, daga Alhajin da ya ji daɗin wankin motarsa, daga wanda canjinsa naira hamsin ne ya ce a bar shi. Mai jinyar da ya sayar da akuya ya kawo mahaifiyarsa asibiti kuwa, wanda yana cikin baƙin da Birnin Kudu ta fi gani, shi kansa abin a taimaka masa ne.

Ko wannan ɗan canjin ma yana ƙafewa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, mutane suka koma taransifa da POS. Kuɗin da aka tura asusun mai gida suke shiga cif-cif, babu canjin da zai saura a tebur. Na sha ganin baƙo ya shafa aljihu ya ce wa yaro, “Wallahi babu tsaba a jikina, sai na dawo.” Wataƙila da gaske yake. Yaron dai ya wuni.

Daga fatoma zuwa manaja

Saukar da baƙi don kuɗi tsohuwar sana'a ce a wurinmu. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja, waɗanda Paul Lovejoy ya yi nazarinsu a littafinsa na 1980, a gidan fatoma suke sauka a zango. Polly Hill ta yi rubutu kan masu masaukin Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma kan na Sabo a Ibadan a 1969. Abin da suka nuna shi ne maigida yana saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa a kan bashi, ya samu la'ada. Hidimar kuwa yaransa ne suke yi.

Waɗannan yara ba su da albashin wata. Amma dubi abin da yake kan maigida: ci da sha, wurin kwana, ɗinkin salla, magani idan ciwo ya zo, sannan idan yaro ya isa aure a yi masa, a ba shi ɗaki, daga ƙarshe a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Wannan ita ce barantakar da M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa na ƙasar Zazzau. Ba na cewa tsarin ba shi da zalunci, yana da shi, kuma barori da yawa sun tsufa ba a sallame su ba. Sai dai akwai ma'auni da jama'a suka sani. Maigidan da yaronsa ya shekara goma bai aurar da shi ba, gari zai yi da shi, kuma kunyar nan tana aiki.

Yanzu mu dawo masaukin yau. Mai shi sau da yawa ba a garin yake zaune ba, ma'aikacin gwamnati ne ko ɗan kasuwa a Dutse ko Kano ko Abuja. Ya ɗora manaja, manaja ya ɗebi mai karɓar baƙi, da mai shara da wanki, da maigadi, da yaron aike. Kalmomin da ake amfani da su na da ne: “yarona ne,” “ɗan gida ne,” “taimaka masa nake yi.” Amma ranar da yaron ya kwanta ciwo, ko ya zo da maganar aure, sai harshe ya juya ya koma na ofis: “Ai albashi nake biyan ka.” Idan kuma ya nemi ƙarin albashin, sai a koma na gida: “Yanzu ni da kai har sai mun yi ciniki?” Mai wuri ya ɗauki sauƙin kowane tsari ya bar wa yaro nauyinsa. A ganina wannan shi ne tushen matsalar, tukwici kuwa mayafi ne da ake rufa mata.

A gidan abinci da teburin mai shayi abin ya fi fitowa fili. A nan ba a ma maganar albashi, sai sallama: abin da ake ba yaro ko yarinya da dare bayan an tashi, tare da abincin da aka ci a wurin. Ran da ciniki ya yi kyau a ƙara, ran da aka yi kwantai a ce a yi haƙuri. Almajirin da yake wanke kwanuka sau da yawa ladansa ƙanzo ne da ragowar miya. Mai tuwon ita ma ba attajira ba ce, bashi ta ɗauko shinkafar, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin komai ya tashi, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Dole a faɗi wannan don kada a ɗauka kowane mai wuri azzalumi ne. Amma asarar kwantai ta mai jari ce, tun da ribar ma tasa ce. Wanda ya wanke kwano ɗari ya wanke su, ko an sayar ko ba a sayar ba.

Dokar da ta tsaya a bakin ƙofa

Najeriya ta fara dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa a 1981 da naira 125, wadda a lokacin ta kai kimanin dala 200. Aka koma 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, sannan 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024, wadda a canjin lokacin ba ta kai dala 50 ba. Gwamna Umar Namadi ya amince da 70,000 ɗin ga ma'aikatan Jigawa a ƙarshen shekarar. Idan aka raba ta kwana 30, naira 2,333 ke nan a rana.

Sai dai dokar ta ware waɗanda ba ta shafa ba: wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, masu aikin da ba na cikakken lokaci ba, masu aikin kamasho ko jinga, da masu aikin da yake bin yanayi kamar noma. Kafin 2019 ma iyakar 50 ce. To, a nuna mini gidan abinci a Sara ko Basirka, ko ƙaramin masauki a Birnin Kudu, mai ma'aikata 25. Dokar da aka yi don kare mafi rauni ta tsallake mafi rauni da gangan, ta tsaya kan ma'aikacin gwamnati da na babban kamfani. A jihar da binciken Hukumar Ƙididdiga na 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na mutanenta suna ƙasa da ma'aunin talauci, mai neman aiki ba shi da bakin ciniki. Idan ya ƙi, goma suna bakin ƙofa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Dokar Ƙwadago ta 1974 ba ta da wannan iyaka ta 25. Ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki. Ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Ta ba shi hutun kwana ɗaya a mako, da aƙalla kwana shida na hutun shekara bayan wata 12. Ta hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa, kuma ko ɓarna ya yi ba a yanka sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. A gwada wannan da abin da muka saba gani: kofi ya fashe a cire, tawul ya ɓace a cire, baƙo ya gudu bai biya ba a cire daga mai karɓar baƙi. Amma ita ma dokar ta bar wata kafa, domin ba ta lissafa iyalin mai wuri cikin ma'aikata ba. Kun ga ke nan “ɗan gida ne” ba magana ce ta fatar baki kawai ba, tana da amfaninta.

Akwai ƙungiyar ma'aikatan otal ta ƙasa a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya (NLC), kuma a manyan otal-otal ana ɗora kashi 10 cikin ɗari na kuɗin hidima a kan rasit don a raba wa ma'aikata. Ƙarfin ƙungiyar a manyan birane yake. Kotun ma'aikata kuma tana zama a Kano, tafiyar sama da kilomita 100 daga Birnin Kudu. Wanda yake bin bashin albashin wata biyu, kuɗin mota da na lauya sun fi abin da yake bi.

Abin da fiƙihu ya ce

Tun da mutanen nan Musulmi ne mabiya mazhabar Malik, kuma Risala da Muhtasar ake karantawa a zaurukan Birnin Kudu da Gwaram, ya dace mu auna da ma'aunin da mai wuri da yaronsa duk suka yarda da shi. A babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki, sharaɗi ne lada ya zama sananne, aikin ko muddarsa su zama sanannu. Jahiltar lada garari ne, yana ɓata ƙulli. “Zo ka fara, za mu ga abin da Allah zai yi” ba ijara ba ce ingantacciya, haka ma “abin da ka samu a wurin baƙi naka ne.” Idan kuma an riga an yi aikin a kan ƙullin da ya ɓaci, malamai sun ce a biya ladan da ake biyan irinsa a garin. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito kan gaggauta biyan ɗan ƙwadago kowa ya haddace shi, har masu riƙe albashin wata uku.

Tukwici kuwa a babin kyauta yake. Kyauta ba a tilasta ta, ba a gina wajibi a kanta, kuma wanda aka ba shi ne mai ita. Manajan da ya ce a kawo masa abin da baƙo ya ba yaro ya ci abin da ba nasa ba. Sai dai fiƙihu ya ja wani layi da ya kamata masu kare ma'aikata su ma su gani. Labarin Ibn al-Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo da kyaututtukan da aka ba shi a kan aikin, yana cikin Buhari da Muslim, kuma daga gare shi malamai suka yi tsanani kan kyautar ma'aikaci. Idan abin da baƙo ya bayar zai sa mai karɓar baƙi ya ba shi ɗaki ba tare da rubutawa ba, ko ya kau da kai daga abin da bai kamata ba, ya tashi daga tukwici ya koma toshiyar baki. Yunwa ce take rusa wannan layi. Maigadin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wanda ya ba shi dubu biyu ya saye idonsa, kuma masauki wuri ne da tsaron gari yake ratsawa ta cikinsa.

Ga mata abin ya ninka. Macen da take aiki a masauki tana fama da zargi tun kafin ta yi komai, kuma kyautar namiji baƙo ba kasafai take zuwa ita kaɗai ba. Idan ta karɓa a yi da ita, idan ta ƙi ta rasa kuɗin mota. Tsarin da ya sa cefanen bazawara mai 'ya'ya uku ya rataya ga fara'ar da za ta yi wa baƙo, bai kamata al'ummar da take kishin mutuncin mata ta zuba masa ido ba.

Abin da za a iya yi daga nan

Ba na cikin masu cewa a hana tukwici. Alheri ne, kuma wanda aka yi wa hidima ya ji daɗi ya bayar, Allah ya ba shi lada. Ba na kuma ganin hikima a ce mai tuwo a tashar Gwaram ta biya 70,000, don rufewa za ta yi, yaran su rasa har abincin. Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi, kuma ba ya jiran Majalisar Tarayya.

Na farko, lada ya zama sananne kuma a rubuce, ko da rabin takarda ce da Hausa ko da ajami: nawa ne, yaushe za a biya, wace rana ce ta hutu, abinci yana ciki ko ba ya ciki. Masaukai da gidajen abinci suna sabunta izinin sana'a a wurin hukuma, ana karɓar haraji a hannunsu, jami'an duba-gari suna leƙa su. Wanda yake zuwa duba tsaftar ɗakin girki zai iya tambayar takardar mai girkin. Hisba da take shiga masaukai neman masu baɗala, tauye ladan ɗan ƙwadago ma munkari ne, kuma yana cikin ginin da ta shiga.

Na biyu, ƙungiyoyin sana'a. Masu shayi, mahauta, direbobi da masu abinci duk suna da shugabanni, kuma sukan zauna su tsayar da farashin kofin shayi ko kuɗin mota a yini guda, kowa ya bi. Waɗanda suka iya tsayar da farashin kofi za su iya tsayar da mafi ƙarancin sallamar mai wanke kofin, a gaban hakimi, a riƙa dubawa duk shekara. Wannan zai ba alƙali da mai unguwa abin da fiƙihu yake kira ladan irinsa, wanda za su yi hukunci da shi idan an kawo ƙara.

Na uku ya shafi masaukai masu rasit. Idan za a ɗora kuɗin hidima, a rubuta shi a fili, a raba shi a gaban kowa a ƙarshen wata, har da mai wankin zannuwa da ke bayan gida wadda baƙo bai taɓa ganin fuskarta ba. Tukwicin hannu yana zuwa ne ga wanda ya tsaya a gaba, kuma binciken Michael Lynn na Jami'ar Cornell ya daɗe da nuna cewa alaƙar yawansa da kyawun hidima ba ta da ƙarfi. Tun da biya ya koma waya, a manna lambar asusun ma'aikata dabam da ta mai gida a teburin karɓar baƙi.

Akwai kuma abin da ya rage gare mu, mu da muke cika masaukan nan lokacin taro da bita. Hukuma ko jami'a ko ƙungiyar da za ta kama ɗakuna ashirin na kwana uku tana da bakin magana fiye da kowane jami'in ƙwadago. Kafin a biya kuɗin kama ɗaki, mai shirya taro yakan tambayi manaja ko akwai janareta, ko ruwa yana zuwa, ko akwai wurin ajiye motoci. Sai ya ƙara tambaya ɗaya: nawa ake biyan mai shara, kuma an biya ta na watan jiya?